Tambaya da Amsa: Aljani a Ɗakin da Aka Sa wa Sakata

Wasiƙun wannan wata duk daga Damagaram suka zo, kuma kusan duka a kan abu ɗaya suke magana: wasan kwaikwayon talabijin da ake haɗa binciken kisan kai da al'amuran ɓoye. Masu rubuta labarin fim da masu ɗaukar hoto da wani masanin shari'a ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wata ƙungiyar samari masu wasan kwaikwayo a unguwar Zango. Muna yin shiri mai dogon zango, kowane kashi minti 26. A kashi na huɗu an tsinci gawar wani attajiri a ɗakinsa, cikin tsohon gida a Birni, ƙofa da sakata ta ciki, kuma babu rauni a jikinsa. Unguwa ta ɗauka aljanin gidan ne. Jami'in bincike ya yi ta yawo bai samu komai ba, sai a minti biyun ƙarshe wata inuwa ta zo masa a mafarki ta faɗa masa sunan ƙanin mamacin. Mun sa a YouTube, an kalla sosai, amma wani mai sharhi a rediyo ya ce mun yaudari mai kallo, wasu abokanmu na fada, wato majalisar hira, ma haka suka ce. Hassada ce ko da gaskiyarsu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, da gaskiyarsu, kuma gyaran ba shi da tsada, domin a takarda matsalar take, tun kafin a kunna kamera.

Duk wanda ya zauna kallon labarin bincike, shi ma bincike yake yi. Tun daga fitowar farko yana lura da wanda ya sunkuyar da kai, da wanda ya yi saurin kuka, da abin da ke ajiye a kusurwar ɗaki. Minti 24 kuka bar shi yana wannan aiki, sannan kuka kawo amsar daga wurin da ba shi da hanyar leƙawa. Abin da mai sharhin ya kira yaudara ke nan. Wannan ƙorafi ya girmi talabijin. A 1929 wani marubuci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na labarin bincike, ta biyunsu ta hana a warware laifi da ikon ɓoye. Mu ba mu ce ku kori aljani daga labarinku ba, don shi ne gishirin irin wannan shiri. Abin da muke cewa, aljani ya tsoratar, ya ruɗar da shaidu, ya rufe bakin unguwa, amma kada ya yi wa jami'in aikinsa.

Ga yadda za a iya sake gina wannan kashi ba tare da an canja gida ko ƴan wasa ba. A mayar da labarin lokacin hunturu. Attajirin ya saba kwana da kaskon gawayi saboda sanyi, kuma ɗakin soro ne mai ƴar taga ɗaya a sama. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba marar launi, marar wari, wadda ke kashe mai barci ba tare da rauni ba. Haɗari ne na gaske da ke cin rayuka a lokacin sanyi, saboda haka shirinku zai zama gargaɗi ma. Mamacin da hannunsa ya sa sakata. Abin da mai laifin ya yi kawai shi ne toshe tagar daga waje. To yanzu kuna da alamu da ido zai iya gani: kaskon da ya cika da toka, kyanwar gidan da aka tarar a mace a gindin gado, yaron da ya fara shiga bayan an ɓalle ƙofa ya fito yana riƙe da kai yana jiri, da kuma zaren tsumma da ya maƙale a bakin taga, launinsa ɗaya da tsohon rawanin ƙanin. Kowace daga cikinsu unguwa za ta fassara ta da aljani: ai har kyanwa ya kashe, ai yaron ma ya shafe shi. Mai kallo zai bi unguwa, jami'in kuma zai bi toka da zare.

Babbar alama a nuna ta sau uku. Karon farko a wuce ta kamar ba komai, kamera na bin fuskar matar mamacin, tagar na can baya. Karo na biyu wani ya taɓa ta ko ya ambace ta a cikin wata magana dabam, misali mai aikin gidan ta ce ɗakin Alhaji bai taɓa yin duhu haka da safe ba. Karo na uku jami'in ya ɗauko ta ya haɗa da sauran. Idan sau ɗaya aka nuna, mai kallo a waya ba zai gani ba. Idan an kai sau biyar, yaro ma zai gane tun tsakiyar shiri.

Game da rabon lokaci, shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka kuna neman shafi 25 zuwa 27. Minti biyun farko, kafin sunan shiri ya fito, a ga gawa da sakata. Kafin minti na 8 mai kallo ya san mutum uku da kowannensu ke da dalilin son mutuwar attajirin. Wajen minti na 13 a rushe zargin farko. Daga minti na 20 zuwa 24 a warware. Kuma kuna da wani agogo da marubutan Turai ba su da shi: jana'iza. An tsinci gawa da hantsi, dangi na son a yi sutura bayan azahar, liman na jira, maƙwabta sun cika zaure. Jami'in na da awa huɗu ko biyar kafin a share ɗaki a zubar da toka. Wannan matsi ya fi kowane kiɗan tsoro riƙe mai kallo.

Sauran minti biyun na aljani ne. Bayan an kama ƙanin, a bar abu guda da bincike bai bayyana ba, ƙarami, wanda mai kallo ya gani da idonsa. Wataƙila sawun ƙafa a kan rufin soro da bai dace da na kowa ba. Masanin adabi Tzvetan Todorov, a 1970, ya rarrabe labaran ban tsoro gida uku: wanda a ƙarshe hankali ya bayyana komai, wanda aka tabbatar ikon ɓoye ne, da wanda aka bar mai karatu yana waswasi tsakanin biyun. A ganinmu na ukun ya fi dacewa da shiri mai dogon zango, domin waswasin nan ne ke dawo da mutane mako mai zuwa. Sai dai ku zauna tun yanzu ku rubuta dokar aljaninku a shafi ɗaya: me yake iyawa, me ba ya iyawa, wa ke ganinsa, a wane lokaci. In a kashi na huɗu ba ya ƙetare bakin zaure, kada a kashi na tara a gan shi a Kasuwar Dole ba tare da dalili ba. Masu sharhi na yafe ƙarancin kuɗi, amma ba sa yafe labarin da ya karya dokar da ya kafa da kansa.

Tambaya: Ni nake riƙe kamera a wata ƙungiya a Sabon Gari. Duk fitowar dare da muka ɗauka baƙi ƙirin take fitowa a waya, wani lokaci hoton na rawa da layi-layi. Sannan in muka so inuwa ta ɓace, kowa na gane inda muka yanke. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, dare a fim haske ne da aka tsara, ba rashin haske ba. Ka ɗaga fitila ɗaya mai farin haske sama, kamar mita uku, daga gefe ko daga bayan ɗan wasa, ka rataya farin ƙyalle a gabanta ya tausasa ta: wata ke nan. A cikin ɗaki ka sa fitila mai ja-ja-ja, ƙarama, kusa da fuska, a matsayin aci-bal-bal ko fitilar ƙwai. Bambancin launukan biyu shi ke gaya wa ido dare ne. Bangon jar ƙasa irin na Birni yana shanye haske ƙwarai, don haka kada ka jingina ɗan wasa da bango, ka janye shi mita ɗaya ko biyu, ka ɗan haska bangon dabam. Idan kana son sararin sama ya fito shuɗi mai duhu, kana da kamar minti 15 zuwa 20 bayan faɗuwar rana, amma lokacin magariba ne, gara ka nemi irin wannan haske bayan sallar asuba kafin rana ta ɓullo, gari ma ya fi shiru.

Layi-layin nan daga wuta yake. Wutar lantarki a Nijar tana bugawa sau 50 a sakan, wayoyi da kamarori da yawa kuma suna zuwa a saite a kan hoto 30 a sakan irin na Amurka, inda wutarsu ke bugawa sau 60. Ka mayar da kamerarka hoto 25 a sakan, saurin ƙiftawarta kuma 1/50 na sakan. Idan da janareto kuke aiki kuma juyinsa na hawa da sauka, rawar za ta iya dawowa, sai ka koma fitilun batir. Kada ka bar kamera ta zaɓi haske da kanta, don a duhu za ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, har hoton ya cika da tsaki-tsaki, YouTube kuma in ya matse fayil wuraren duhun ne ke fara lalacewa. Kafin ku saki kashi, ku tura shi a ƙaramar waya mai araha, ku kalla a tsakar gida da rana. Yawancin masu kallonku haka za su gan shi.

Ɓacewar inuwa kuwa, ka kafa kamera a kan ƙafarta, ka ɗaure, kada kowa ya taɓa. Ka kulle haske da saitin nisa da hannu. Ka ɗauki ɗan wasan, ya fita, ka ci gaba da ɗaukar wurin babu kowa na sakan 10, sannan a wurin tacewa a narkar da na farko cikin na biyu a rabin sakan. Abin da ke tona asiri shi ne duk abin da ya motsa tsakanin ɗaukar biyu: labulen da iska ta kaɗa, harshen fitila, hayaƙin turaren wuta, sawun da ɗan wasan ya bari a rairayi lokacin fita. Shawararmu ma ita ce ka rage nuna inuwar. Ƙyauren da ya motsa kaɗan, da fuskar wanda ya gani, sun fi mutum sanye da farin zane ban tsoro.

Ba ka tambayi sauti ba, amma rabin tsoro a kunne yake. Makirfo ya kasance tsakanin santimita 30 zuwa 50 daga baki, a lulluɓe shi saboda iskar hunturu. Janareto a kai shi bayan katanga da doguwar waya. A kowane wuri, kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na sautin wurin kawai, da shi ake cike giɓi a tacewa. In ba haka ba, duk inda aka yanke za a ji ƙarar kabu-kabu ko injin niƙa ta ɗauke ta dawo.

Tambaya: Ni ɗalibar shari'a ce. Abin da ke damuna a irin waɗannan shirye-shirye, jami'i ɗaya ne ke kamawa, ya yi tambaya, ya yanke hukunci, har ya kai mutum gidan kaso. Ba a gyara wannan?

Amsa: Ƴar'uwa, kin taɓo inda masu rubutu ke kasala, alhali bin tsarin gaskiya ƙara wa labari armashi yake. Shari'ar laifuka a Nijar ta bi tsarin Faransa. In aka samu gawa da ba a san sanadin mutuwarta ba, jami'in ƴan sandan shari'a, ɗan sanda ne ko jandarma, yana sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati nan take, ya je wurin, ya nemi likita ya duba gawar, ya rubuta duk abin da ya gani da abin da shaidu suka faɗa. A cikin gari galibi ƴan sanda ne, a karkara jandarmomi. Wanda ake zargi ana iya tsare shi awa 48 don bincike, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara, kuma yana da haƙƙin lauya. Laifin kisa dole ya bi ta hannun alƙali mai bincike, shi ke da ikon tura mutum gidan kaso kafin shari'a, hukunci kuma na kotu ne.

Dubi abin da marubuci ya samu a nan kyauta: agogo na biyu, wato awa 48, da mutum na sama da zai ce wa jami'in mafarki ba hujja ba ne, kawo abin da zan rubuta. Likitan ma ɗan wasa ne mai amfani. Sandarewar gawa na farawa cikin ƴan awoyi bayan mutuwa, ta game jiki wajen awa 12, zafi kuma na gaggauta ta, don haka likita na iya ƙaryata wanda ya ce ya ji muryar mamacin da asuba. In kuma akwai shaidar da ya rantse ya ga aljani, likita ya duba shi: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, jiki da zafi, magana ba kan gado, alamun wanda aka ba zaƙami ke nan. Abu ɗaya da za mu ja kunnen ƙungiyoyi a kai: kayan sarki da harabar komisariya ba a amfani da su sai da izini a rubuce, haka ɗaukar hoto kusa da fadar Sarkin Damagaram sai an nemi yardar fada.

Tambaya: Ina ganin ana cewa wani kashi na shirin Amurka ya samu kashi 90 cikin ɗari wurin masu sharhi, amma masu kallo sun ba shi maki kaɗan. Wanne za a yarda da shi?

Amsa: Malam, lambobin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na shafin intanet na Rotten Tomatoes yana ƙirga masu sharhi nawa ne cikin ɗari suka ce abin ya yi, ko da da ƙyar suka faɗa, kuma daga 60 zuwa sama ana lissafa shi mai kyau. Saboda haka 90 na nufin tara cikin goma ba su ƙi shi ba, ba wai ya kusa cika ba. Shafin Metacritic na mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100, ya fitar da matsakaici, yana ba wasu jaridu nauyi fiye da wasu. Na shafin IMDb ƙuri'ar masu kallo ce daga 1 zuwa 10, kuma masoya ko masu fushi na iya yin gayya su ɗaga ko su kayar. Kamfanin Nielsen kuwa yawan waɗanda suka kalla yake aunawa, ba ra'ayinsu ba.

A irin wannan shiri saɓanin na da sananniyar hanya. Akwai kashin da ke tsaye da kansa, laifi ɗaya a warware shi a dare ɗaya, akwai kuma wanda ke tura babban sirrin shirin gaba. Mai sharhi yakan yaba kashin da ya gwada sabon salo, mai bin shiri kuma yakan ji haushi in an yi mako ba a matsa da babban sirrin ba. Sharhin da ya cancanci a saurara shi ne wanda ya nuna wuri: a minti kaza an ce kaza, a minti kaza an saɓa. Ga masu sa shiri a YouTube, yawan kallo ba ya faɗin komai a kan ingancin ƙarshen labari, tunda an riga an ƙirga mutum kafin ya kai can. Ku buɗe zanen da ke nuna inda masu kallo ke ficewa. In layin ya faɗi a sakan 30 na farko, buɗewar ce ta yi sanyi. In ya zube a tsakiya, ku duba fitowar, sau da yawa za ku tarar mutum biyu ne zaune suna maimaita abin da aka riga aka gani.

Tambaya: Ni uwa ce, ƴaƴana na kallon waɗannan abubuwa. Ba koya musu zuwa wurin boka ake yi ba?

Amsa: Hajiya, damuwarki a wurinta take, kuma ta haɗu da abin da muka faɗa wa mai tambaya ta farko. Samuwar aljanu ba abin musu ba ne ga Musulmi, akwai sura sukutum da sunansu. Amma aya ta 14 a Suratu Saba ta nuna ba su san gaibu ba: Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya rasu yana dogare da sandarsa, suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Shirin da ya sa aljani ko boka ya faɗi sunan mai kisa, kuma ya zama daidai, ya ba su abin da ba nasu ba, ya kuma ɓata labarinsa. Ki lura da wannan in kina kallo tare da su: wa ya gano gaskiya, kuma ta wace hanya?

Abu na biyu da za ki duba shi ne wanda ake ɗora wa zargi. A unguwanninmu kalmar maita kan faɗa ne a kan tsohuwa marar gata ko baƙon da ba shi da dangi, kuma tana raba mutum da gidansa. Shirin da ya nuna unguwa ta zargi irin wannan tsohuwa, sannan bincike ya wanke ta, ya yi aikin alheri. Wanda ya tabbatar da zargin don neman tsoro, muna ganin bai kamata a nuna wa yara ba. Haka nan masu ɗaukar wasan bori su yi hattara. A shekarun 1950 wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauki ƴan Nijar mazauna Accra ta ƙasar Ghana suna hawan iskokin wani nau'in bori da ake kira Hauka, kuma da aka nuna fim ɗin a Paris, ƴan Afirka da suka kalla sun yi fushi, suna ganin an nuna su kamar marasa hankali ga waɗanda ba su san ma'anar abin ba. Kashin da aka ɗauka a Birni yau, gobe ana kallonsa a Kano da Agadas da ƙasashen da ba a jin Hausa.

Ga ƙanana, ƴan ƙasa da shekara 10, kada su kalli irin wannan da dare ko su kaɗai a waya. Manyansu kuma, in kashi ya ƙare, ki tambaye su alamu nawa suka gani kafin jami'in ya faɗa, ki sa su koma baya su nemo inda aka fara nuna tagar.